Alfarmar da Na Ƙi Karɓa

Na san abin da kuka ji a kaina tun kuna ƙanana, don Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, ba ta taɓa barin labari ya kwana a bakinta ba. An gaya muku uwarku ta kunyata mahaifinta a gaban dattawa, ranar Juma'a, a bakin kantinsa. Ba ƙarya ta yi ba, an yi haka. Sai dai ita Gwaggo daga tsakiya take fara labari, ta kuma tsaya inda ya yi mata daɗi. Yanzu da na kusa ajiye aiki, gwiwoyi sun fara yi mini gardama, bari in ba ku shi daga tushe, in ya so kowa ya yanke hukuncinsa. Ni dai nawa na daɗe da yankewa.

Hannun nan nawa na dama kun saba da shi har kun daina ganinsa. A wurin haihuwa ya samu matsala. Kafaɗata ce ta maƙale, matar da ta karɓi haihuwar ta ja da ƙarfi don ta ceci Umma, jijiya ta taɓu. Ba ya ɗagawa ya wuce ƙirjina. Babban yatsa da biyun da ke kusa da shi suna riƙo, sauran biyun kuwa 'yan rakiya ne. A gidanmu da ke bayan kantin atamfar Baba a unguwar Glass ba a maganarsa ko kaɗan. Tun ina yarinya Umma ta koya mini yadda zan yafa mayafi ya zubo ta dama, in baƙi sun zo in zauna ɓangaren dama na jikin bango. Duk rigar da tela zai ɗinka mini sai an ce ya ƙara tsawon hannu. Ba ƙina suke yi ba, sona suke yi, irin son da ke lulluɓe abu har mai shi ya manta kamanninsa. Ni kuwa a bayan idonsu na zama bahaguwa ta gaske, ina wanki, ina yankan albasa, ina rubutu mai kyau, na daman yana riƙe mini abu na hagun yana aiki.

Baba bai taɓa zama a ajin Faransanci ba, amma shi ya kai ni makaranta da ƙafarsa. Ranar da aka ɗauke ni a makarantar koyon aikin likita kuwa, ko mai neman yadi ɗaya ya shigo kanti sai ya ji labarin 'yarsa likita kafin a yanka masa. Shekarun farko duk karatu ne da haddar sunayen ƙashi da jijiya, kuma a nan ban taɓa jin tsoron kowa ba. Matsala ta taso lokacin da za a fara tura mu asibiti mu taɓa marasa lafiya. Kafin nan ana duba lafiyar kowane ɗalibi. Likitan da ya duba ni ya ce in ɗaga hannuwana biyu sama. Na ɗaga ɗaya da rabi. Ya ce in cire mayafi, ya matsa nan, ya lanƙwasa can, sannan ya ce sai na bayyana gaban kwamiti.

Shi wannan kwamiti ba abin da ke kanka yake tambaya ba, abin da jikinka zai iya yake son gani. Ko za ka iya lalubar cikin mutum ka gane inda ciwo yake, ka sami jijiya ka ɗebi jini, ka ɗinke rauni ɗinkin ya riƙe, ka danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya ba ka gaji ba, ka fito da jariri in ya zo a karkace. Suna da hujja, don marar lafiya ba ya zuwa asibiti domin a gwada sa'a a kansa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma ƙarƙashin tsoron akwai wani daɗi da ban taɓa ji ba, domin tunda aka haife ni wannan ne karo na farko da wani ya tambayi abin da hannun nan zai iya. Na je wurin mahauci na sayo ganda ina koyon ɗinki a kanta, ina ƙulla zare da hagu, na daman yana riƙe da bakin fata. Na kwantar da buhun shinkafa a tsakar ɗaki ina dannawa da nauyin jikina har gumi ya jiƙa ni. Umma in ta leƙo sai ta ce in na gama yi wa gandar tiyata in ba ta ta sa a miya, ba ta da kuɗin asara.

Kuskure ɗaya aka yi, Baba ya ji labarin kwamiti. Ku da aka haifa da takardun ƙasar nan a hannu ba za ku gane yadda kalmar nan take a kunnen mutum irinsa ba. Shi baƙo ne, da jirgin ruwa ya zo, kuma abin da zama a ƙasar mutane ya koya masa shi ne ba a tunkarar hukuma kai kaɗai. In duwan, wato kwastan, ta riƙe maka kaya a tashar jirgi, in takardar zamanka ta samu tangarɗa, in mai gida ya ce ka tashi daga kanti, ba gardama ake yi ba. Dattawa ake tarawa, a sa manyan riguna, a je a gai da mai iko a roƙi alfarma. Wanda ke shige musu gaba a lokacin shi ne Alhaji Mamman, wani tsoho mutumin Damagaram da ya riga kowa zuwa garin, wanda ko 'yan sanda suna miƙe masa. Baba bai gaya mini ba, bai gaya wa Umma ba. Ya ɗauki turmin atamfa mafi tsada a kantin, suka cika taksi, suka bi titin bakin ruwa zuwa unguwar Plaine Orety, inda Farfesan tiyata, shugaban kwamitin, yake da ofishin ganin marasa lafiya.

To shi roƙo a wurinmu yana da ƙa'ida. Ba ka zuwa ka ce ɗanka gwani ne, wannan alfahari ne, kuma mai alfahari ba a taimakonsa. Ƙasa kake yi da kanka da naka, ka nuna ba ku da komai sai Allah sai wanda kuka zo wurinsa. Baba kansa yakan ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Haka suka yi, kuma suka yi shi da kyau, don gwanaye ne. Suka ce yarinyar nakasasshiya ce tun haihuwa, hannun ba ya moruwa, ko tulu ba ta iya ɗauka, a dubi Allah a tausaya mata kada a tozarta ta a gaban mutane. Ɗaya daga cikinsu mai jin Faransanci ya juya maganar kalma bayan kalma, bai rage ko ɗaya ba. Farfesa ya ƙi karɓar atamfa, amma ya karɓi maganar, ya yi musu alkawarin ba za a gwada ni ba.

Da la'asar Baba ya shigo gida fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya kira ni da sunan da yake kirana in yana cikin farin ciki.

"Hajjo, ki kwantar da hankalinki. An yafe miki jarrabawar. Babu mai sa ki tuɓe hannu a gaban ƙattai."

Na yi godiya, don ban gane ba tukuna. Aka raba goro a masallaci. Sai da na je makaranta na tarar an cire sunana daga cikin masu zuwa asibiti, an mayar da ni ɓangaren labo, inda ake duba jini da fitsari a bayan gilashi. Aiki ne mai daraja, ina da ƙawaye a cikinsa, amma ba shi na zo koya ba. Garin neman gira an rasa ido.

Na nemi ganin Farfesa. Dogon mutum ne ɗan ƙasa, mai magana a hankali, kuma har yau ban ce mugu ba ne. Ya ba ni kujera, ya ce ai taimakona ya yi, zan gama in sami takardata ba tare da wahala ba. Na ce ban roƙa ba, a gwada ni kamar yadda aka ce tun farko. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Mahaifinki ne da bakinsa ya ce hannun ba ya komai. Wa ya fi shi saninki? Kuma na ba tsofaffi alkawari. Mu ma a nan muna da iyaye, ba na karya maganar da na yi wa masu furfura. In kina son gwaji, su dawo su sake ni."

Kun ga inda aka sa ni. Da dokar makaranta ce ta tare ni, da na san ƙofar da zan buga. Amma alheri ne ya tare ni, alherin ubana da kunyar Farfesa, kuma babu ofishin da ake kai ƙarar alheri.

Na sami Baba a kanti yana ninke atamfa, na durƙusa na yi masa bayani. Da farko bai yarda ba, ya ce ai labo ma likitanci ne, farar riga ce dai. Da ya gane bambancin sai na ga abin ya soke shi, amma ya dake. Ya ce magana zarar bunu ce. Ya tara mutanen da suka girme shi, sun bar kasuwancinsu, sun zubar da girmansu a ofishin wani saboda 'yarsa, an ba su abin da suka roƙa, sannan ya koma ya ce a mayar? Wa zai sake taka masa? Na ce to ya bar ni ni in je in roƙe su. Ya ce in na kuskura. Umma ta yi ta kuka tana cewa in haƙura, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gwaggo Talatu kuwa ta zo takanas ta ce dama bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, wa ya aike ni. Wannan maganar ita ba ta sa ta a cikin labarin da take ba ku.

Na yi kwanaki ina juya abin. Ina son Baba, ku sani, ina sonsa fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma na ga rayuwata a shimfiɗe: in na karɓi wannan alfarma, har in mutu ni ce wadda aka tausaya wa, kuma ni kaina ba zan taɓa sanin ko zan iya ba. Wannan rashin sanin shi ne na kasa haɗiyewa.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci dattawa sukan zauna a benci a bakin kantin Baba, a sha shayi kafin kowa ya koma harkarsa. An yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe take. Na fito ta ƙofar gida na zagayo, na durƙusa a gabansu cikin taɓo na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Suka amsa da fara'a, a zatonsu godiya na zo yi. Na yi godiyar kuwa, don sun wahala. Sannan na zame mayafi daga kafaɗar dama, na naɗe hannun riga har sama, na miƙa hannun iya inda yake kaiwa.

"Iyayena, kun ce wannan hannu ba ya komai. Don Allah wa ya taɓa ganinsa a cikinku?"

Wasu suka kau da kai, wani ya yi ta'awizi. Baba ya kafa wa ƙasa ido, kuma a lokacin na gane shi ma rabonsa da ganin hannun tun ina goye. Na ce ban zo raina su ba, na zo roƙo ne kamar yadda suka je roƙo, su koma su saki Farfesa daga alkawarinsa, a gwada ni. In na faɗi na faɗi da kaina.

Alhaji Mamman ya ajiye kofin shayinsa. Bai ɗaga murya ba, tsofaffin wancan zamani ba sa ɗagawa. Bai kuma dube ni ba, sai ya juya wajen Baba.

"Alhaji, ɗiyarka ta yi magana, mun ji. Ni zan tai in sake shi, tunda ni na ɗaure shi. Amma daga yau in gidanka ya samu lalura da hukuma, ga mai baki nan Allah ya ba ka. Mu mun gama."

Ya cika maganarsa ta farko, aka sa mini rana. Malamai uku ne a ɗakin, Farfesa da wani likitan ƙashi da wata tsohuwar likitar mata mai guntun gashi fari fat. Suka kawo marar lafiya na gaske wanda ya yarda, na lalubi cikinsa da hagu na gaya musu hantarsa ta kumbura, suka duba suka ga haka ne. Na ɗebi jini a tashi ɗaya. Ɗinki na fi sauran ɗalibai jinkiri, Farfesa ya sa almakashi ya ja zaren da mugunta, bai kwance ba. Da aka zo danna ƙirji a kan mutum-mutumin roba, na ce a ba ni abin takawa in hau don nauyina ya sauka daidai. Likitan ƙashi ya ce ba haka ake yi ba. Tsohuwar ta tambaye shi, shi ƙirjin ya san a kan me mai dannawa yake tsaye? Aka kawo, na danna har suka ce ya isa.

Sai aka zo haihuwa. Jaririn roba ne a cikin ƙugun roba, an sa shi ya zo da ƙafa. Wannan aiki yana son hannu biyu masu ƙarfi a lokaci guda, ɗaya ya tallafe jiki ɗaya ya juya kafaɗa, kuma dole a ɗaga. Na gwada, ya zame. Na sake, na sauya tsayuwa, na sa gwiwa, ya sake zamewa ya faɗi a kan tebur. Wannan fannin shi na shiga makarantar domin in koya, saboda yadda aka haife ni, kuma ga shi a gabana a ƙasa. Tsohuwar ta ce in wannan ya same ni da mace ta gaske, me zan yi? Na ce ba zan bari ya kai nan ba, tun kafin a fara zan faɗa da babbar murya cewa wannan ba na iya shi, a kira wanda ya iya. Ta ce ta san likitoci masu hannu biyu da ba su taɓa koyon faɗin haka ba.

Suka fitar da ni suka yi shawara. Hukuncinsu shi ne in koma cikin masu zuwa asibiti, in gama in zama likita, amma ba zan ƙware a tiyata ko karɓar haihuwa ba, kuma ba za a bar ni ni kaɗai a ɗakin haihuwa ba. Na yi kuka a taksi har direba ya rage rediyo. Amma ban taɓa jin haushin wannan hukunci ba, domin da idonsu suka gani, ni ma da idona na gani. Daga nan ne na bi hanyar ciwon suga da hawan jini, aikin da kuka taso kuka same ni a ciki.

Da na isa gida na sami Baba shi kaɗai a kanti, bencin waje babu kowa. Na gaya masa. Ya tambaya ko akwai abin da na kasa. Na ce akwai, guda ɗaya.

"To ai abin da muka gaya musu ke nan."

"A'a Baba. Ku kun ce duka. Su sun ce ɗaya."

Ya ci gaba da ninke atamfarsa.

Alhaji Mamman ya cika maganarsa ta biyu ma. Da damina ta zagayo aka riƙe wa Baba kaya a tashar jirgi, ya yi ta zarya shi kaɗai da guntun Faransancinsa. Na ce in raka shi, ya ƙi. Kafin a sake su laima ta cinye rabi. Bayan wasu shekaru mai ginin ya karɓe kantin Glass, babu wanda ya je ya ba shi baki, Baba ya koma wata 'yar rumfa a unguwar Oloumi tsakanin masu walda, inda mai neman atamfa ba ya bi. Bai taɓa cewa ni na ja masa ba. Ina gaishe shi yana amsawa, ya aurar da ni, ya yi muku huɗuba duk ku ukun. Amma bai ƙara kirana Hajjo ba, kuma da hawan jini ya kama shi, ciwon da na fi kowa sani a asibitinmu, wurin wani likita yake zuwa. Sau da yawa ina zuwa da abin awo a jaka, in ce Baba kawo hannunka. Sai ya ce an auna shi jiya.

Tun da Baba ya rasu, Gwaggo takan ce ya tafi da fushina. Umma kafin ta rasu takan ce ya yafe mini a zuciyarsa. Dukansu babu wadda ta sani, ni ma ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙiro muku ƙarshe mai daɗi don ku ji sanyi ba. Abin da na sani shi ne, duk sallar da na yi ina roƙa masa gafara, ina kuma roƙon Allah ya yafe mini zafin da na sa ya ji. Zafin nake neman gafararsa. Fitar da na yi ranar Juma'ar nan kuwa ban taɓa tuba daga gare ta ba, kuma kada ɗayanku ya tuba a madadina bayan raina.